Allon Tunawa na Jirgin Yaƙin HMS Hood da Mutanen da Ya Ƙunshi Sunayensu

Sojan da ya mutu a fagen daga a kan tudu yakan sami kabari, a kafa masa dutse mai ɗauke da sunansa. Wanda ya nutse da jirgin ruwa kuwa ba shi da wannan gata. Saboda haka ne allon tunawa yake da matsayi na musamman a al'adar sojojin ruwa, domin shi ne ke maye gurbin kabarin. Tarihin jirgin yaƙin Birtaniya mai suna HMS Hood ya fito da wannan al'amari fili.

Hood ya fara aiki a shekarar 1920, ya kuma shafe kimanin shekara ashirin yana matsayin jirgin yaƙi mafi girma a duniya. Ranar 24 ga Mayu, 1941, ya yi karo da jirgin Jamus mai suna Bismarck a mashigin ruwan da ke tsakanin Girinlan da Aislan. Harsashi ya kai ga rumbun albarusansa, jirgin ya tarwatse, ya nutse cikin kimanin minti uku. Daga cikin mutum 1,418 da ke cikinsa, uku kacal suka tsira, ba a kuma tsamo gawa ko ɗaya ba. A cikin mamatan har da samari 'yan ƙasa da shekara 18.

Tun da babu gawar binnewa, sai aka koma ga sunaye. An rubuta mafi yawansu a dandalin tunawa da sojojin ruwa da ke birnin Portsmouth. Akwai kuma littafin sunaye a cocin ƙauyen Boldre, inda kwamandan rundunar, Lancelot Holland, yakan yi ibada. Shi ma ya mutu a cikin jirgin.

Allon da ya fi jan hankali shi ne wanda aka ajiye a shekarar 2001. A watan Yulin wannan shekara ne ayarin David Mearns ya gano ɓaraguzan jirgin a zurfin kimanin mita 2,800. Ted Briggs, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin mutum ukun nan, shi ya saki allon, wata na'ura mai nutso ta sauka da shi kusa da goshin jirgin, haɗe da faifai mai ɗauke da sunayen mamatan. Briggs yana da shekara 18 lokacin da jirgin ya nutse, ya kuma dawo wurin yana da 78. Babu mai ziyara da zai tsaya gaban wannan allo ya karanta, ga duhu ga zurfi. Amfaninsa shi ne shaida cewa wurin makabarta ce, kamar yadda ake yi wa kabari alama ko da yana cikin dajin da ba mai ratsawa.

Doka ma ta bi wannan fahimta. A 2002 gwamnatin Birtaniya ta sanya ɓaraguzan ƙarƙashin dokar kare ragowar kayan soja ta 1986, wadda ta hana taɓa su ba da izini ba. Don haka sai da aka nemi izinin Ma'aikatar Tsaro kafin a ɗauko ƙararrawar jirgin. Yunƙurin farko a 2012 bai yi nasara ba, sai a 2015 aka fito da ita. Briggs bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 2008. An buɗe ƙararrawar ga jama'a a gidan tarihin sojojin ruwa da ke Portsmouth ranar 24 ga Mayu, 2016, shekara 75 cif da nutsewar jirgin.