Zinariya: a duba lamba kafin a biya

A birnin Tawa da garuruwan Adar, zinariya ado ce, kuma ajiya ce ta mata, wadda suke saidawa in damina ta yi gardama ko ciwo ya shigo gida. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan, jahar Agadas, cikin 2014, cinikinta ya ƙaru a ƙasarmu. Saboda haka ya kamata jama'a su san abin da suke saye.

Tsantsar zinariya ita ake kira karat 24. Tana da taushi ƙwarai, zobenta ba ya jure daka da wanki. Shi ya sa maƙera suke narka ta tare da jan ƙarfe ko azurfa, don ta yi ƙarfi. Jan ƙarfe yana ƙara mata ja, azurfa tana sa launinta ya yi haske.

Lambar da ake bugawa a jikin kayan tana nuna yawan zinariya cikin kashi 1000: 916 ita ce karat 22, 875 karat 21, 750 kuwa karat 18. Ke nan warwaro mai garam 10 na karat 18, garam 7 da rabi ne zinariyarsa. Matar da aka saida wa shi da sunan karat 21, an ci mata garam 1 da kwata.

In babu lamba, maƙeri yakan goga kayan a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid, ya duba ko zanen zai ɓace. Mai saye ta nemi a gwada, a auna gaban idonta, a ba ta takardar shaida.