Triumph Trophy Trail: Tsohon Babur Ɗin Ingila Da Ƙyallin Fenti Ba Ya Faɗin Lafiyarsa

Sau biyu a shekara, cikin watan Afrilu da na Oktoba, filin baje koli na garin Stafford da ke tsakiyar Ingila yakan cika maƙil da tsofaffin babura. Wasu an kawo su kallo, wasu gwanjo, wasu kuma tarkace ne a kwali ana neman mai haɗa su. Cikin waɗanda masana ke daɗewa a tsaye gabansu akwai wani siririn babur mai doguwar ƙafa da ƙaramin tankin alminiyon, wanda kamfanin Triumph ya ƙera daga ƙarshen 1972 zuwa 1974. A Amurka sunansa Trophy Trail, a Ingila Adventurer, a takardun masana'anta kuwa TR5T. Kimanin 2,500 kacal aka yi, kuma mafi yawa an tura su Amurka.

Babur ne na kwalta da daji a lokaci guda. Tayar gaba inci 21 ce, irin wadda ke hawa dutse da kwazazzabo, cikinsa ya yi nesa da ƙasa, nauyinsa kuma bai wuce kusan kilo 150 ba. Injinsa mai silinda biyu ne, cc 490, da kafireta ɗaya ƙirar Amal da giya huɗu.

Sunan Trophy ya girmi babur ɗin. A 1948 mahayan Triumph sun yi abin a zo a gani a gasar kwana shida ta duniya da aka yi a San Remo ta Italiya, gasar da ake gwada juriyar mutum da ta ƙarfe a kan duwatsu da taɓo. Shekara ta gaba kamfanin ya fito da TR5 Trophy don ya ci moriyar wannan nasara. Ɗan wasan fim James Dean ya mallaki irinsa. Steve McQueen kuma ya hau babban wansa, TR6 Trophy, a gasar 1964 da aka yi a Jamus ta Gabas.

To amma kafin TR5T ya iso, kasuwa ta riga ta juya. Yamaha ta fitar da DT-1 a 1968, ƙaramin babur mara nauyi, mai araha, wanda ba ya ɗigar mai, kuma matasan Amurka suka ruɗe a kansa. Kamfanin BSA, wanda shi ke da Triumph a lokacin, bashi ya yi masa katutu. Babu kuɗin zana sabon abu, don haka injiniyoyi suka haɗa abin da ke hannu: injin Triumph 500 da aka daɗe ana amfani da shi, suka ɗora shi a kan firam ɗin BSA B50, wato ƙashin babur ɗin, wanda ke ajiye baƙin mai a cikin bututunsa maimakon tanki na dabam. Har agogon gudu da makunnan hannu daga Japan aka sayo, ƙasar da ke neman kai su ƙasa.

Abin mamaki, haɗin gambizar ya yi kyau. A watan Satumbar 1973 ƴan wasan Birtaniya suka hau Triumph 500 da aka shirya musamman a gasar kwana shida ta jihar Massachusetts a Amurka, suka zo na biyu bayan Cekoslobakiya. A cikin watan nan dai sabon kamfanin da ya gaji BSA, Norton Villiers Triumph, ya sanar zai rufe masana'antar Meriden kusa da Coventry, inda ake ƙera babur ɗin. Ma'aikata suka rufe ƙofa suka zauna a ciki har kusan wata 18. Da aka sake buɗewa a 1975 a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwar ma'aikata, ƙarfinsu ya koma kan manyan babura masu cc 750, ba a ƙara komawa kan TR5T ba. Yau gidajen kwana ne a filin masana'antar.

Wannan tarihi shi ne rabin farin jininsa. Ɗaya rabin sai an hau. Injin mai silinda biyu yana ja tun daga ƙasa ba tare da an murɗa mai sosai ba, ƙararsa mai kauri ce, kuma mutum ɗaya da sifana da haƙuri zai iya kwance shi ya mayar a tsakar gida. Babu kwamfuta a jikinsa, babu maɓallin tayarwa. Sai a buɗe mai, a danna ɗan tsinken kafireta har fetur ya ɓullo, sannan a ba shi kika.

Sai dai a nan ne masu saye ke shiga uku. Kalmar "an gyara shi tsaf" da ake rubutawa a takardar gwanjo tana iya nufin an kwance kowane noti an auna, tana kuma iya nufin an fesa fenti an goge ƙarfe kawai. Ido ba ya bambanta su.

Babban misali shi ne karanshaf. Injinan Triumph na wancan zamani ba su da matatar mai irin ta yau. A cikin karanshaf akwai wani ɓoyayyen bututu da ke tara dattin mai yayin da injin ke juyawa. Bayan shekaru hamsin dattin yakan daskare kamar laka, ya toshe hanyar da mai ke bi zuwa hannun fistin. Ranar da ya toshe gaba ɗaya, hannun yakan karye ya fasa cikin injin. Ba a iya wanke bututun sai an raba injin gida biyu, aikin da ke cin lokaci da kuɗi, kuma ba ya fitowa a hoto. Shi ya sa ƙwararrun masu saye ke fara tambayar rasiɗai da hotunan injin a kwance kafin su dubi tanki. Mai sayarwar da ya nuna hoton bututun a wanke ya fi wanda ya nuna sabon fenti daraja a wurinsu.

Firam ɗin ma haka. Tunda mai a cikinsa yake zama, duk wanda ya kankare tsatsarsa da feshin yashi bai toshe ƙofofin da kyau ba, ya zuba wa sabon injinsa yashi ke nan.

Bayan haka sai lambobi. Triumph tana buga lamba iri ɗaya a kan injin da firam, kuma daga 1969 ta ƙara haruffa biyu, na farko wata, na biyu shekarar ƙira: H na nufin 1973, J kuma 1974. Wurin lambar injin yana da ƙananan tamburan kamfanin a ƙarƙashi, saboda in an goge an sake bugawa a gane. Wannan ya zama dole a kan TR5T, domin mai wayo zai iya samun firam ɗin BSA nan, injin Triumph can, ya haɗa ya kira shi na asali. Ƙungiyoyin masu tsofaffin babura, irin su Vintage Motor Cycle Club da aka kafa a 1946, suna taimakawa wajen tantance shekarar babur daga bayanan masana'anta.

Masu gyaran su kansu ba su yarda da juna ba kan inda gyara ya kamata ya tsaya. Wani ɓangare na ganin kowace waya sai ta zama ta Lucas kamar yadda ta fito, duk da cewa Turawa sun laƙaba wa kamfanin "Sarkin Duhu" saboda yawan mutuwar fitila. Ɗaya ɓangaren kuwa yana ɓoye na'urar tartsatsin wuta ta zamani da matatar mai a inda ba a gani, don babur ɗin ya tafi ya dawo. Ga wanda zai hau, na biyun sun fi gaskiya. Akwai kuma abin da ba a iya ɓoyewa: ƙaramin birkin gaba da aka aro daga BSA bai taɓa isar babur ɗin a kan kwalta ba, kuma sabon fenti bai ƙara masa ƙarfi ba. Fetur ɗin E10 mai haɗin etanol da Birtaniya ta koma a 2021 shi ma yana cin tsofaffin robobin mai. Doka kuma ta yafe wa abin hawan da ya haura shekara 40 binciken lafiya na shekara-shekara in ba a sauya masa manyan sassa ba, wato ba wanda zai tilasta a duba shi sai mai shi.

Bakaniken da ya saba da baburan Japan da Sin a Maraɗi ko Damagaram zai sha mamaki in irin wannan ya faɗo hannunsa. Notocinsa da inci ake auna su, sifana 10 da 12 ba za su kama ba. Wayar batir ta tarawa ce ke haɗe da jikin babur, akasin abin da aka sani. Giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, don haka wanda ya manta ya taka "birki" a kan kwana giya zai sauya.

Irin babur ɗin da TR5T ya so ya zama, Japan ce ta ƙarasa shi. Yamaha XT500 ne ya lashe tseren Paris zuwa Dakar na farko a 1979, wanda ya ratsa ta Agadas da Yamai. Triumph ta Meriden ta durƙushe a 1983, wani ɗan kasuwa mai suna John Bloor ya sayi sunan ya sake kafa kamfanin a Hinckley. Tun 2023 kuma akwai ƙaramin Triumph na kwalta da daji, Scrambler 400 X, wanda ake ƙerawa a Indiya a masana'antar Bajaj, kamfanin da ke yin Boxer ɗin da ƴan kabu-kabu da ƴan acaɓa ke neman abinci da shi.