Cututtuka Biyu da ke Ɓuya a Bayan Lalurar Daun

A garin Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, kamar sauran ƙasar Malumfashi da Funtuwa, mata da yawa a gida suke haihuwa a hannun ungozoma. Idan aka haifi jariri mai sanyin jiki, idanunsa a ɗan karkace, harshensa na yawan leƙowa waje, akan yi shiru a zuba wa sarautar Allah ido. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce taɓin iska ne. Likitoci kuwa suna kiran wannan hali lalurar Daun, daga sunan John Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana kamanninta a 1866.

Asalinta yana cikin ƙwayar halitta. Kowace ƙwaya ta jikin ɗan Adam tana ɗauke da zaruruwan gado 46, waɗanda masana ke kira kuromosom, a jere biyu-biyu har 23. A 1959 masu bincike a Faris, cikinsu har da Jerome Lejeune da Marthe Gautier, suka gano cewa masu lalurar suna da 47, domin na 21 ya zo uku maimakon biyu. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma wani abin da ta ci ba, ko da yake yiwuwar hakan na ƙaruwa idan shekarunta sun haura 35. Wani bincike da aka wallafa daga Ibadan a 1982 ya sami ɗaya cikin kowace haihuwa 865.

Ba a iya cire wannan zare na ƙari. To amma akwai cututtuka biyu da sukan raka shi, kuma duka biyun suna da magani.

Ta farko ta zuciya ce. Kusan rabin waɗannan jarirai da nakasar zuciya ake haihuwarsu. Zuciya tana da ɗakuna 4, da bango a tsakiya wanda ya raba jinin da ya dawo daga huhu da wanda zai tafi can. Nakasar da aka fi gani ita ce ɓula a tsakiyar bangon, inda ɗakunan sama da na ƙasa suka haɗu. Jini sai ya riƙa kwarara zuwa huhu fiye da kima. Jariri ya kama nono, ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi, ga rashin ƙiba, ga ciwon haƙarƙari da ke dawowa musamman lokacin hunturu. Sauraren ƙirji kaɗai bai wadatar ba, domin wata babbar ɓular ba ta yin ƙara a makonnin farko. Sai an ɗauki hoton zuciya da na'urar eko, irin wadda ake da ita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Babbar ɓula akan so a yi mata tiyata kafin jariri ya cika wata 6, domin jijiyoyin huhun waɗannan yara suna saurin taurarewa, kuma idan sun taurare tiyata ba ta da sauran amfani. Kuɗin aikin ya fi ƙarfin yawancin manoma, wannan gaskiya ne. Sai dai ba kowace ɓula ke bukatar wuƙa ba, wasu ƙananan da kansu suke toshewa.

Ta biyu ta fi iya ɓuya. A gaban wuya akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da ake kira tairod, ita ce wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Aikinta samar da sinadarin tairoksin, wanda ke tsara saurin aikin jiki da bunƙasar ƙwaƙwalwa. Idan ya yi ƙaranci, yaro yakan yi ta barci, bayan gidansa ya yi tauri, fatarsa ta bushe, ya riƙa jin sanyi, girma da magana su yi jinkiri. Mai karatu zai lura cewa waɗannan alamu kusan su ne na lalurar Daun ɗin kanta. Nan matsalar take: iyaye, kai har ma wani ma'aikacin lafiya, sai su ce ai haka Allah ya yi shi, alhali wani kaso na nawar yaron daga wuyansa take, ana kuma iya kawar da ita.

Wani zai ce ai tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri. Haka ne, kuma ya rage maƙoƙo ƙwarai. Amma a waɗannan yara galibi ba rashin aidin ba ne. Ko dai tsokar ta zo da rauni tun haihuwa, ko kuwa garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙarta daga baya. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a auna jini lokacin haihuwa, da wata 6, da shekara 1, sa'an nan kowace shekara. Maganin ƙwaya ce ƙarama, lebotairoksin, sau ɗaya a rana, ana murƙushe ta a ɗan ruwa ko nono. Ba a daina ta don yaro ya murmure, sai da izinin likita.

Daga Dayi, matakin farko shi ne Babban Asibitin Malumfashi, inda za a nemi takardar turawa zuwa Kano ta hanyar Gwarzo, ko Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Malamin makaranta da ya ga irin wannan yaro ya fara gyangyaɗi a aji, ko ya koma baya a abin da ya riga ya iya, ya dace ya tambayi iyayensa yaushe rabon da a auna masa jini.