BIYEN TAFIYA: HANNUN AZANSI KO CIKIN TALHO?

Ran nan a ajimmu na karatun manya, wani dattijo ya zo mini da tambaya. Ya sayar da albasa, ya haɗa da bijimi guda, yana so ya tafi umra. Ɗansa da ke Yamai ya ce masa kada ya je azansi, a cikin talho biye ya fi araha. Maƙwabcinsa kuma ya ce talho ɓarawo ne. Dattijon ya ce: «Malam, wane zan bi?» Tunda kuɗin gumin shekaru ne, na ga ya kamata mu duba maganar tare, ƴan uwa manoma da makiyaya.

MENENE AZANSI?

Azansi kamfani ne mai shirya wa mutane tafiya. Shi ke yanko biye, wato tikitin jirgi, ya nemi biza, ya kama masauki, ya ci ladarsa. Kamar dillali yake a kasuwar dabbobi.

Sana'ar ta daɗe. A 1841 wani mutumin Ingila, Thomas Cook, ya tara mutum wajen 500 ya kai su wani gari cikin jirgin ƙasa, kowa ya biya sule guda. Daga nan kamfaninsa ya girma, ya riƙa kai Turawa yawon hutu ƙasa-ƙasa. Daga 1886 zuwa 1893 ma shi gwamnatin Indiya ta ba aikin jigilar alhazai.

Amma girma ba ya hana faɗuwa. A watan Satumba na 2019 kamfanin ya karye, matafiya wajen 600.000 suna ƙasashen waje. Sai da gwamnatin Ingila ta ɗauki jirage ta kwaso mutanenta. Abin lura a nan, waɗanda suka saya hannun kamfani mai rajista, doka ta tsaya musu.

SAYE CIKIN TALHO

A 1996 aka buɗe Expedia a Amurka, da wanda ake kira Booking.com yanzu a Holan. Kasuwa ce cikin intanet. Kana rubuta garin da za ka da ranar tashi, sai ta jero maka jirage da masaukai, kowane da kuɗinsa. Ka zaɓa, ka biya da katin banki, biye ya zo maka kamar wasiƙa cikin talho.

Amfaninta a fili yake. Kana ganin farashi da idonka, dare ko rana. Ɗan kasuwa da ya saba tafiya, ya iya faransanci, yana da katin banki, wannan hanya ta yi masa.

To amma araha ba ta ado. Biye mafi araha sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa, canza rana kuma sai an biya. Wani biyen bai haɗa da kuɗin kaya ba. Wani sai ka kwana zaune a filin jirgin Adis Ababa ko Istambul kana jiran jirgi na biyu. In aka kuskure baƙi ɗaya cikin sunanka, ya saɓa da na fasfo, ana iya hana ka shiga jirgi. Ranar nan wa za ka kama? Talho ba ya da ƙofar da za ka yi sallama.

Ga kuma macuta. Suna yin shafi mai kama da na gaskiya, ko su aiko saƙo ta WhatsApp da hoton Ka'aba da farashi mai daɗi. Ka aika kuɗi, lambar ta mutu.

HAJJI DA UMRA BA ƊAYA BA NE

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A 2022 Saudiyya ta buɗe wata hanya cikin intanet mai suna Nusuk. Mai umra yana amfani da ita, har izinin shiga Rauda a Madina nan ake nema. Musulmin Turai da Amurka kuma ta nan suke sayen kujerar hajji kai tsaye.

Mu ba haka tsarinmu yake ba. Kowace ƙasa tana da adadin kujerunta, kimanin mutum 1 cikin Musulmi 1.000. A Nijar hukumar COHO ke kula da shirin hajji da umra, kuma ta hannun azansin da aka amince da su ake rajista. Duk wanda ya ce zai saya maka kujerar hajji cikin talhonsa, ka riƙe aljihunka. Bizar umra ko ta ziyara ba a hajji da ita.

Abin da ya faru a hajjin 2024 ya isa wa'azi. Zafi ya haura digiri 50 a Makka. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1.301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji. Ba su da tanti mai sanyi, ba motar ɗauka, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Bayan nan gwamnatin Masar ta ƙwace lasisin kamfani 16 da suka kai mutane ta wannan hanya. Kun ga ke nan, mai ofis da tebur ma yana cuta.

ABIN DA NA CE WA DATTIJO

Na ce masa, tunda bai taɓa hawa jirgi ba, ya je azansi. Amma ya sa ɗansa ya duba farashi cikin talho tukuna, don ya san inda zai tsaya wajen ciniki. Wanda ya san kuɗin rago a kasuwar Maraɗi, dillalin ƙauye ba ya cin shi. Sa'an nan ya kiyaye waɗannan:

1. Ya tabbata azansin yana cikin waɗanda hukuma ta amince da su a bana.

2. Ya biya a ofis, ba hannun ɗan kamasho a tasha ba. Ya karɓi takardar shaida mai hatimi, da sunansa da yawan kuɗin.

3. A rubuta masa abin da kuɗin ya ƙunsa: jirgi, biza, masauki, abinci, mota, da nisan masauki daga Harami.

4. Ya duba sunansa baƙi-baƙi, ya zama daidai da na fasfo. Fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata 6.

5. Ya nemi lambar biye mai alƙaluma 13. Takardar kama wuri kawai ba biye ba ce, in ba a biya ba tana mutuwa.

6. Ya yi allurar sanƙarau da ta shawara, ya ajiye katin.

Dattijon ya yi dariya ya ce ashe duk maganar karatu ce. Makon da ya wuce ya dawo da takardarsa, ya karanta mana sunansa da kansa, ya kuma gano an rubuta masa kwana 10 maimakon 14 da suka yi magana. Ya koma, aka gyara.

Allah ya kai shi lafiya, ya dawo mana da shi lafiya.