Malamin Sakkwato da wayar hannu: Yadda gwajin ɗalibai ke sauya salo

A shekarar 2015 Hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, bayan ta fara gwada tsarin a 2013. A farkon 2024 Hukumar WAEC ta bi sahu, ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. A 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnatin tarayya ta mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO gaba ɗaya kan kwamfuta. Shi kansa malami bai tsira ba, domin jarrabawar ƙwarewa ta Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, a gaban kwamfuta ake zama a yi ta.

Ke nan yaron da ke ajin farko na ƙaramar sakandare yau a Mabera ko Runjin Sambo ko Arkilla a Sakkwato, a gaban na'ura zai zauna ranar da za a yanke masa hukuncin wucewa gaba. Wannan kaɗai ya isa ya sa malaminsa ya tashi tsaye. Sai dai akwai wata riba da ta fi shirya yara wa jarrabawar ƙarshe, wadda ba a cika maganarta ba. Ita ce malami ya san, tun a ranar da ya koyar da darasi, wane yaro ne ya gane, wane ne bai gane ba, kuma a ina fahimtar ta karkace.

Nauyin jan biro

Tsarin Manufofin Ilimi na Ƙasa na 1977 ne ya kawo gwaji na yau da kullum, wanda malamai ke kira C.A. Nufinsa shi ne kada a bar makomar yaro a hannun jarrabawa guda ta ƙarshen shekara, a riƙa auna shi a kai a kai ana gyara koyarwa. Wanda ya koyar bai gwada ba sai ƙarshen zango, tamkar manomin da ya shuka gero ne bai sake leƙa gonar ba sai ranar girbi.

To amma a ɗauki misalin malamar lissafi da ke shiga aji biyar, kowane da ɗalibai 80. Gwaji ɗaya takarda 400 ke nan. In ta ba kowace takarda minti uku, sai ta shafe awa 20 tana jan biro, ban da shigar da maki cikin rajista, da tarawa, da fitar da na ɗaya da na biyu. Kafin takardun su dawo hannun yara an wuce babi biyu. Shi ya sa C.A. ya koma gurabe da ake cikewa a katin sakamako, yaro ya ga 4 cikin 10, iyaye su yi faɗa, a ci gaba.

Tun 1998 masana biyu daga Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, suka tattara bincike mai yawa suka nuna cewa gwajin da ake amfani da sakamakonsa nan take wajen gyara darasi yana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai sosai, musamman na baya a aji. Abin da ke hana malaminmu yin haka lokaci ne da yawan yara, kuma daidai nan ne na'ura ke da amfani.

Sakkwato ta taɓa ganin irinsa

Wannan ba baƙon abu ba ne a jihar. A 2011 da 2013, ƙarƙashin wani shirin ilimi da Hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi a Sakkwato da Bauchi, an auna karatun Hausa na 'yan ƙananan azuzuwan firamare da gwajin da ake kira EGRA. Ana zama da yaro shi kaɗai, a ba shi minti ɗaya ya furta haruffa, minti ɗaya ya karanta kalmomi, sannan ɗan gajeren labari. Sakamakon ya tayar da hankali, don mafi yawan yaran ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba. Daga baya aka riƙa yin irin wannan gwaji da kwamfutar hannu mai ɗauke da manhajar Tangerine: mai gwaji na taɓa kalmar da yaro ya kuskure, na'ura na ƙirga lokaci, ta fitar da adadin kalmomin da ya karanta daidai a minti guda.

Irin wannan sakamako na cikin abin da ya haifar da shirin koyar da karatu na Mu Karanta, wanda ya zo da kashi na biyu na shirin daga 2015. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Alƙaluma sun motsa hukuma. Sai dai a irin wannan gwaji, na'urar tana hannun jami'in da ya zo daga ofis, sakamakon kuma ofis yake tafiya. Matakin da ya rage shi ne na'urar ta dawo hannun mai alli, sakamakon ya tsaya cikin aji.

Daga ina malami zai fara?

Ba sai an jira ɗakin kwamfuta ba. Wayar Android da ke aljihun malamai da yawa ta isa a soma.

Mataki na farko shi ne jadawalin maki. A manhajar Excel ko Google Sheets, malami zai jera sunayen yara a layi, makin kowane gwaji a gurbinsa, ya koya wa jadawalin tarawa da fitar da matsakaici sau ɗaya tak. Daga nan duk makin da ya shigar, lissafi zai yi kansa, kuskuren tari da ke jawo rigima da iyaye ya ragu. Yana iya sa jadawalin ya shafa ja a kan sunan duk wanda makinsa ya gaza rabi, ya ga masu buƙatar taimako da kallo ɗaya.

Na biyu, duba takarda da kyamarar waya. Manhaja irin ZipGrade tana da takardar amsa mai da'irori, irin wadda yara ke cikewa da fensir a WAEC. Malami zai shigar da amsoshin daidai, ya ɗora waya a kan takardar yaro, maki ya fito cikin daƙiƙoƙi, kuma dubawar ba ta buƙatar intanet. Yara na nan da fensirinsu, abin da ya sauya kawai shi ne aikin awa 20 ya koma na zama guda.

Na uku, tambaya a tsakiyar darasi. Manhajar Plickers tana aiki da katunan takarda da ake bugawa, kowane yaro da nasa mai zane na daban. Gefen katin huɗu na nufin A, B, C da D. Malami ya yi tambaya, kowa ya juya gefen amsarsa sama ya ɗaga, malami ya zagaya da kyamara, nan take ya ga amsar kowa da sunansa. Yarinya mai kunya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ita ma an ji ta bakinta, kuma na kusa da ita bai san me ta zaɓa ba. Tsarin na ɗaukar kati 63 ne kawai kuma yana son ɗan data, don haka babban aji sai an raba shi biyu.

Ga 'yan babbar sakandare kuwa, malami zai iya shirya gwaji a Google Forms ya tura ta WhatsApp, gwajin ya duba kansa da kansa. Wannan ne ya fi kama da abin da za su tarar a JAMB. Malamin Hausa sai ya kiyaye: in amsar rubutawa ce kuma yaro bai sa lanƙwasar ƙ ko ɗ ko ɓ ba, na'ura za ta ce ya faɗi. Maganin shi ne a koya wa yara ɗora Hausa a madannin wayarsu, ko malami ya shigar da duka rubutun biyu a matsayin amsar da za a karɓa.

Inda ribar take

Fitar da maki da sauri shi ne ƙaramin amfani. Babban shi ne waɗannan manhajoji na nuna yadda aka amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya. A ce malama ta tambayi 1/2 + 1/3, ta ba da zaɓi huɗu. Amsar daidai 5/6 ce. In ta ga rabin ajin sun zaɓi 2/5, ta gano ainihin ciwon: yaran na tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Gobe ba sai ta maimaita babin duka ba, minti goma a kan wannan kuskure sun wadatar. In kuwa amsoshin sun warwatsu daidai-wa-daida a kan zaɓi huɗun, alama ce ta canki-canka, darasin bai shiga ba sam, sai a sake shi da wata dabara.

Wannan na nuna cewa gwanintar tana wurin tsara tambaya. Zaɓin da ba daidai ba bai kamata ya zama shirme ba. Kowanne ya kasance kuskuren da malami ya san yara na yi, yadda duk wanda ya zaɓe shi ya bayyana irin tunaninsa. Na'ura ba ta san kuskuren yaran Sakkwato ba, malamin da ya daɗe a aji shi ya san su. Don haka tsohon malami da ke ɗari-ɗari da waya ya riga ya mallaki kashi mafi wuya na aikin, latse-latsen ne kawai ya rage, kuma ƙaramin malamin da ke ofis ɗaya da shi zai iya nuna masa.

Wajen koyarwa ma akwai abin dogaro. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai darussa bisa manhajar karatu ta ƙasa, wasu da Hausa. Akwai kuma Kolibri, wadda aka ƙera musamman don wuraren da babu intanet. Masu amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tsara tambayoyi kuma su sani tana kuskure, musamman da Hausa. Duk abin da ta rubuta, sai malami ya tace kafin ya kai gaban yara.

Ƙalubalen da ba a ɓoye su

Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Sakkwato, waya kan ɗau zafi, batir ya zube. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, malami kuma daga albashinsa yake saye. Mutanen jihar ba su manta da Satumban 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro. Darasin a fili yake: kayan aikin da ke aiki ba intanet, da waya ɗaya a hannun malami, su suka dace da mu.

Akwai kuma batun adalci. Aikin gida ta WhatsApp na fifita yaron da ke da waya a gida a kan wanda ba shi da ita, kuma sau da yawa 'ya mace ce ke zama ta ƙarshe da wayar ke isa hannunta. Makin da zai shiga katin sakamako a aji ya kamata a samo shi, inda kowa ke daidai. Sannan tambayar zaɓi ba ta auna insha'i, ko karatu a bayyane, ko aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje. Waɗannan har gobe sai ido da kunnen malami.

Sirrin yara ma amana ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Watsa makin aji duka da sunaye a zauren WhatsApp na iyaye tozarci ne ga na baya. A tura wa kowane uba na ɗansa.

Rabon na'ura ba shi ne gyara ba

Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya gano yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba, saboda yadda ake koyarwa bai sauya ba. A nan gida, shirin EdoBEST da Jihar Edo ta fara a 2018 ya haɗa kwamfutar hannu da horar da malamai da masu bibiya da ke shiga aji suna duba aiki. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi shi ma ya ja kunnen gwamnatoci da su sa koyo a gaba, na'ura ta biyo baya.

Sakkwato na da inda za ta dogara. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ta samo asali tun 1970, da Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna yaye malaman jihar da dama. Bai kamata ɗalibin koyarwa ya fita gwajin koyarwa ba tare da ya taɓa shirya gwaji, ya duba shi da waya, ya fassara sakamakonsa ba. Ga waɗanda ke bakin aiki kuwa, bitar kwana biyu a otal da alawus ba ta wadatarwa. Ma'aikatar Ilimi da Hukumar SUBEB su ware malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta a horar da su sosai su zama madogara, a sama wa ofishin malamai ƙaramar sola ta caji, a ɗauke musu kuɗin data da na buga takardun amsa, sannan masu duba makarantu su riƙa tambayar abin da malami ya gyara bayan gwaji, ba cikar rajista kaɗai ba.

Kai kuma malam, ke kuma malama, kada a jira sai an kira bita. A zaɓi aji ɗaya a wannan zangon, a shirya tambaya goma a kan babi ɗaya, a duba wadda yara suka fi faɗuwa a kanta, a sake koyar da ita washegari kafin a wuce gaba.