Macizan da Ke Cikin Kwalba da Amfaninsu Gare Mu

'Yan'uwa mazauna sansani, yawancinmu mun san macizan garuruwanmu, amma nan baƙon wuri ne. To ta yaya likita yake sanin irin macizan da ke yankin da bai taɓa zama ba? Amsar tana cikin kwalabe.

A gidajen adana halittu na Faris da Landan, da cibiyoyin bincike na Dakar, akwai dubban macizai da ƙadangaru na Sahel da Sahara da aka jiƙa a ruwan magani don kada su ruɓe. Kowanne yana da lamba da 'yar takarda: sunansa, inda aka same shi, ranar, da wanda ya kawo shi. In babu takardar, gawa ce kawai. In akwai ta, shaida ce cewa wannan iri yana zaune a wuri kaza.

A Nijar, masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun bincika macizai sama da 1,700 da aka tattara a sassan ƙasar. Suka haɗa da na gidajen adana halittu, a 2015 suka fitar da jerin iri 51. Mafi yawansu ba sa kisa. Daga cikin waɗanda za a kiyaya akwai kububuwa, kasa, kumurci mai feshin dafi a ido, da maciji mai ƙaho na cikin rairayin arewa.

Irin wannan jeri ne ke taimaka wa ma'aikatan lafiya su san maganin da za su tanada, domin maganin dafin wani maciji ba lallai ya yi wa na wani aiki ba. Dafin kububuwa, alal misali, yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya ganin kamar ya samu sauƙi, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari.

Su kuwa ƙadangaru, tsaka da kulɓa da hawainiya ba su da dafi, duk da abin da ake faɗa. Ƙwari suke cinye mana.

Idan maciji ya sari wani:
- A kai shi asibitin sansani nan take, ko da dare ne, ko da bai ji zafi ba.
- Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya.
- A cire zobe ko awarwaro, a ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa.
- In dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa.
- Kada a bi macijin. Faɗa wa likita kamanninsa, wurin da lokacin ya wadatar.

A sa takalmi in za a je itace, a riƙe tocila da dare, a kakkaɓe tabarma kafin yara su kwanta. Allah Ya tsare mu.