Kafin a Sallami Ungozoma, a Duba Asusun Asibiti

Idan aka sallami ma'aikacin lafiya, abin da hukuma ke lissafawa shi ne albashin da ta rage. Ba a cika kawo lissafin kuɗin da asibitin zai iya rasawa ba, alhali tun da aka fara aiwatar da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 abubuwan biyu suke tafiya tare. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF. Bisa dokar, rabin kuɗin yana bi ta hanyar inshorar lafiya, wadda a Sakkwato hukumar SOCHEMA ke kula da ita, kashi 45 na magunguna ne da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiya guda mai aiki, ke nan 11 a ƙaramar hukumar Bodinga, 10 a ta Shagari.

Kuɗin nan da sharaɗi ake bayar da su. Sai an tantance cibiya an ga tana da ma'aikata masu lasisi, irin su ungozoma da jami'in lafiyar al'umma, kafin a amince ta riƙa karɓar kuɗin masu inshora. Asusunta na banki kuma shugaban cibiyar ne da shugaban kwamitin raya mazaɓa ke sa masa hannu, sannan sai an kawo bayanin yadda aka kashe kason baya kafin a saki na gaba. To, a ce an sallami ungozoma ɗaya tilo a mazaɓar Danchadi ko Kajiji ba tare da an turo wata ba: cibiyar ta gaza cika ƙa'ida. In kuwa shugaban cibiyar aka kora bai miƙa takardu ba, asusun zai tsaya, magani ya ƙare, mai naƙuda ta koma hannun ungozomar gargajiya ko a ɗauke ta zuwa birnin Sakkwato.

Wani zai ce ai akwai ma'aikatan bogi, da masu karɓar albashi suna zaune a birni, kuma barin su zalunci ne. Gaskiya ne, wanda ba ya zuwa aiki bai tsare wa cibiya komai ba, korarsa daidai ce. Matsalar tana ga sallamar da ake yi a dunƙule, wadda ke haɗawa da masu aikin gaske, sai garin neman gira a rasa ido. Wani kuma zai ce masu sa ido ba kullum suke zuwa ba, kuɗin za su ci gaba da shigowa. Ko da sun shigo, kuɗin haihuwa a ɗakin da babu mai karɓar haihuwa asara ce, kuma ranar da aka zo tantancewa gaskiya za ta fito.

Don haka kafin a sa hannu kan takardar sallama, Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomi su tanadi wanda zai maye gurbi, a sauya masu sa hannu a banki, a kammala bayanin kuɗi. Kwamitocin mazaɓu kuma haƙƙinsu ne su tambayi wa zai karɓi aikin, kuma yaushe.